Bindigar da Pakde Kasiran Ya Yi wa Wanka

Pakde Kasiran yayan mahaifina ne, kuma shi ya riƙe ni tun da mahaifina ya rasu. A yawancin shekara manomi ne kamar kowa a ƙauyenmu: rogo, gyaɗa, da saniya ɗaya da kullum yake zagi amma ba ya yarda a taya. Idan watan Suro ya kama, farkon shekara, sai ya zama wani mutum daban. Jama'a sukan hauro tudu zuwa gidanmu, wasu a ƙafa, wasu a babur tun daga gefen Yogyakarta, kowa rungume da keris ɗin gidansu a cikin ƙyalle, wuƙar gadon nan da ba a yanka komai da ita, domin ya yi mata wankan shekara.

Aikin ba na gaggawa ba ne. Sai ya yi azumi kafin ya fara. Ya zare wuƙa daga kube, ya cire mata ƙota, ya kwantar da ita a cikin gora da aka tsaga, ya zuba ruwan kwakwa da aka bari ya yi tsami, ya bar ta har tsatsa ta saki. Daga nan ya hau gurza ta da lemon tsami sai ƙarfen ya yi fari, ya ɗauraye da ruwan furanni, ya busar da ita a kan garwashi da turare, sannan ya shafe ta da mai. Ba ya yanka wa kowa lada. Wani ya kawo sukari da ganyen shayi, wani ƙullin taba, wani godiya kawai.

Abu biyu ne ba ya wasa da su. Abin da ya shigo hannunsa ba ya fita da ɗigon tsatsa, kuma hannun da ya kawo shi ne zai karɓa. Akwai shekarar da wani ya kwanta ciwo ya aiko matarsa. Pakde ya ba ta shayi, ya yi mata sannu, ya hana ta wuƙar. Sai da ya taka da kansa ya tsallaka rafi ya ɗora wa mutumin a ƙirji yana kwance.

Matarsa, Bude Mursih, ba ta taɓa ɗaukar abin da zafi ba. Takan ce da baƙi, "Shekara arba'in ke nan yana shafa wa ƙarfe mai. Ni bayana ko sau ɗaya bai taɓa ba."

Shi kuma ko ɗagowa ba ya yi. "Ƙarfe ba ya mayar da magana."

Ni bana na gama jami'a na dawo gida da takardar ilimin noma, ba aiki. Idanun Pakde sun daina ganin hanya sosai, saboda haka ni ke goya shi a babur, ni ke bin masu sayar da kwakwa a kasuwa da jarkoki ina tattaro ruwa.

A farkon watan ne Pak Wagiyo mai injin casar shinkafa ya zo da wani dogon abu naɗe a tabarma. Ya ajiye a baranda ya warware da kansa. Bindiga ce irin ta sojojin da, ƙotar katako har kusan baki, tsatsa ta rufe duk inda ƙarfe yake.

Ya kira shi Mbah, wato kaka, kamar yadda ake kiran dattijo a wurinmu, ya ce, "Mbah, ta kakana ce. Da ita ya shiga daji lokacin korar Turawan Holan. Tun da babana ya rasu take saman sif, gizo-gizo na haihuwa a kanta. Ai ita ma kayan gado ce, ko ba haka ba?"

Kowa a ƙauyen ya san labarinta. Bayan yaƙi, da aka zo tattara makamai, tsohon ya ƙi rabuwa da ita, sai sojoji suka kashe ta suka bar masa. Sun cusa guntun ƙarfe a cikin bututun, suka ɗiga walda a kan sakatar da ake ja a sa harsashi. Tun daga ranar ba ta da bambanci da sanda.

Pakde ya daɗe yana shafa ta da tafin hannu. "Ban taɓa wanke irinta ba."

"Ƙarfe ai ƙarfe ne, Mbah."

Bude ta leƙo daga madafa. "Kai Wagiyo, injinka ma ya yi tsatsa. Ka turo shi gobe a jiƙa."

Aka yi dariya. Pakde ya karɓa da hannu biyu, yadda yake karɓar kowace wuƙa. Ya kwance katakon a hankali, ya wanke kwamin da saniya ke shan ruwa, ya kwantar da ƙarfen a ciki. Ni na zuba ruwan kwakwar, washegari kuma na tafi birni rubuta jarrabawar neman aiki, na sauka wurin wani abokina.

A motar dawowa na ga hoton. Wani maƙwabci ne ya sa a zauren ƙauyenmu na waya. Pakde a tsaye cikin zanensa da baƙar hula, bindiga a hannu tana ƙyalli, sakatarta a buɗe. Pak Wagiyo a gefe, haƙora duk a waje. A ƙasa mutane sai yabo suke. Can sai wani ɗan ƙauyenmu da ke aiki a Jakarta ya rubuta: "Ku goge wannan. Kun san hukuncin abin da kuke yi kuwa?"

Na bincika a waya, mota na jijjiga ni. Doka ce tsohuwa, ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma ba ta san kayan gado ba. Wanda ya ƙera bindiga, ko ya ajiye, ko ya ɗauka ba da izini ba, yana iya shan ɗaurin shekara ashirin, ko ma fiye. Na karanta na sake karantawa ko zan ga inda aka cire tsofaffi. Ban gani ba. Pakde ya haura saba'in.

Na iso gida da la'asar. A bayan ɗaki na same su. An jera bulo biyu, an ɗora bindigar a kai, kaskon garwashi a ƙarƙashi. Bude na tsugune tana fifita, hayaƙin turare na lulluɓe ƙarfen, Pakde na juya shi kaɗan-kaɗan da tsumma. Na tsuguna kusa da su, gwiwata har tana jin zafin wutar.

"Pakde, yaya aka yi ta buɗe?"

Ya ba ni labari yana murmushi. Ashe tsatsa ce kawai ke riƙe da guntun ƙarfen nan na cikin bututu. Da ya ɗago ta daga kwami sai ya ji ƙwal, abin ya faɗo da kansa. Waldar kuwa, da ƙarfen ya yi fari, sai ta fito fili kamar ƙari a goshin mutum.

"Ba zan mayar wa mutum kayan kakansa da wannan ƙazanta a jiki ba, Le." Haka yake kirana, wato yaro. "Na zauna da magagari na goge ta. Ka ga ko alama?"

Babu ko alama. Hannun Pakde ba ya barin alama.

Na faɗa masa abin da na karanta. Na yi ta maimaita shekara ashirin ɗin. Ya saurara har na gama.

"To wa na harba?"

"Ba sai ka harba ba, Pakde. Da matacciya ce. Yanzu a wurin hukuma ka tayar da ita."

"Wanka na yi mata."

Bude ta daina fifita. "Wagiyo fa ɗazu cewa yake zai nemo harsashi ya buga ta ranar bikin 'yanci, kowa ya ji."

Pakde ya ce, "Shi ma na gaya masa. Ba a yanka da keris, ba a harbi da wannan. Ci gaba da fifita, wutar na mutuwa." Ya juyo gare ni. "Gobe ka kai ni in miƙa masa kayansa. Shi ke nan an rabu."

Da safe muka tafi injin. Ƙura da ƙaiƙayi ko'ina, mata na jiran layi da buhuna. Pak Wagiyo ya hango mu ya fito da sauri ya tare mu tun a bakin titi. Fuskarsa ba irin ta hoton ba ce. Daga baya na ji surukinsa ne ya kira shi ya yi masa bayani.

Pakde ya sauka, ya miƙa masa da hannu biyu. Pak Wagiyo ya mayar da hannayensa baya ya harɗe.

"Mbah, ni ƙarfe na kawo maka."

"Shi ne wannan."

"A'a. Nawa ba ya buɗewa. Kowa ya sani, tun ina yaro ba ya buɗewa. Wannan ban san shi ba."

"Jiya ka san shi. Har rungume shi ka yi."

"Jiya daban. Ina da iyali, Mbah, ina da ma'aikata. Wanka na ce ka yi mata, ban ce ka yi mata tiyata ba."

Pakde ya tsaya hannunsa a miƙe. Matan nan duk sun juyo. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka a haka ba. Pak Wagiyo ya ja da baya ya shige cikin ƙarar injin.

A tsawon rayuwarsa ba a taɓa ƙin karɓar abu daga hannunsa ba. Muka koma gida da ita.

Ranar bai ci abinci ba. Na je wurin mai walda na bakin kasuwa ko zai sake toshe ta, ya ce in na kuskura na shigo masa da ita shago zai yi mini ihu. Bude ta kawo tata shawarar: a yi mata yadda ake wa keris ɗin da gida ya kasa riƙewa, a kai ta tekun kudu da furanni a sallame ta.

Na ce, "Bude, hoton ya zaga gunduma. In suka zo suka ce ina take, mu ce tana teku?"

"To su shiga su ɗauko mana. Ba su iya iyo ba ne?"

Ba wanda ya yi dariya, har ita. Pakde yana zaune yana kallon bindigar a kan tabarma. Can ya ce, "Masu kamun kifi su jawo ta a raga, wani ya kai gida. Ba tawa ba ce balle in zubar." Ya ɗago ya dube ni. "Tun da hukuma ce ta kashe ta da farko, a kai mata. Le, da mai a babur?"

Bai yarda a sa ta a buhu ba. Ya naɗe ta da sabon farin yadi, ya ɗaure da zare, ya saƙala fararen furanni a baki. Ya sa rigarsa ta zuwa biki. Ya hau bayana ya gicciya ta a kan cinyarsa, kai ɗaya na leƙowa ta dama, ɗaya ta hagu. Hanyarmu duwatsu ce da ramuka, kowane rami sai na ji ta bugi bayana.

A hanya na yi ta koya masa magana. "Pakde, don Allah, in an tambaye ka, ka ce duk da kansu suka fita. Ruwan kwakwa ne ya cinye. Kar ka ambaci magagari."

"Hm."

"Ka ji ko? In ka ce da hannunka ka goge, sai su ce da gangan ne."

"Kalli gabanka, ga akuya."

Caji ofis ɗin gundumarmu ƙarami ne. Ɗan sandan da ke kan tebur, wani mai furfura a gefen kai da sunansa Yatno a ƙirji, yana cin soyayyar taliya a takarda. Ya ga tsoho da farin naɗi da furanni, sai ya ajiye cokali ya miƙe.

"Mbah, wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu, Pak. Wadda ta mutu ce ta tashi."

Pakde ya kwance zaren. Da ƙarfen ya bayyana Pak Yatno ya ce mu ja da baya, ya kira wani abokin aikinsa. Ya juya bakinta ya kalli bango. Ya leƙa inda sakatar take, babu komai. Sai ya kifa ta, ya danna wani abu a ƙasa da ba mu ma san yana motsi ba, ya yi ta fama da shi har murfin gidan harsashi ya ɓalle. Abu biyu suka faɗo kan tebur suka gangara. Harsasai ne, sun yi kore, sun manne da datti.

Pak Yatno ya ɗauke su da tsumma kamar ƙwai ya ajiye can nesa. Ya sunkuya ya shinshina bindigar.

"Wannan ƙamshin turare fa?"

Na ce, "An busar da ita ne."

"A rana?"

"A kan garwashi."

Ya dube ni, ya dubi Pakde. "Wa da wa ke wurin?"

Pakde ya ce a hankali, "Matata ce ke fifita."

Pak Yatno bai yi faɗa ba, kuma da ma ya yi. Ya ce irin waɗannan tsofaffin harsasai wani ya mutu, wani yana nan da ransa, ba mai iya sani sai ranar da ya tashi. Ya kunna fitilar wayarsa ya haska cikin bututun ya ce Pakde ya leƙa. Pakde ya ce idonsa ba zai gani ba, ni na leƙa. Daga waje sumul take kamar sabuwa. Ciki kuwa duk ramuka ne, kamar itacen da gara ta ci.

Pak Yatno ya ce, "Duk wanda ya yi tunanin buga ta, ku gaya masa ba gaba za ta fita ba. A fuskarsa za ta tsaya."

Aka shigar da mu ɗakin ciki, aka ba mu shayi, wani matashin jami'i ya zauna gaban na'ura yana rubuta abin da Pakde ke faɗa. Ta wa ce, yaushe ta zo, me aka zuba mata. Sai Pak Yatno ya shafa yatsa a kan sakatar, daidai inda ƙarfen ya fi sheƙi.

"Nan da akwai walda, Mbah. Ruwan kwakwa ba ya cin walda haka. Da kanta ta fita?"

Na taka ƙafar Pakde a ƙarƙashin tebur. Ya janye ƙafarsa.

"Ni na goge ta. Da magagari. Wuni guda na yi."

"Me ya sa?"

"Mummunan aiki ne, Pak. Wanda ya yi bai iya ba."

Matashin ya kusa fashewa da dariya ya danne. Pak Yatno ya shafa fuskarsa da hannu biyu. "Ka san da ka goge za ta buɗe?"

"Ban sani ba. Da na sani ma ban san laifi ba ne. Yanzu na sani."

Na riga na hango Bude tana kai abinci gidan yari.

Ba su kulle shi ba. Gab da magariba suka ce ya tafi gida, amma magana ba ta ƙare ba, za a aika sama a ga ko za a kai kotu. Kafin nan kada ya bar gunduma, kuma duk Litinin da Alhamis ya zo ya nuna kansa.

Ni na gaya wa Bude zancen harsasan, don shi ya kasa. Ta zauna a bakin murhu. Sannan ta tashi ta zuba masa shinkafa ta dire a gabansa. "Ci. In za ka kashe ni, ka kashe ni da ƙarfinka." Ya ci loma biyu.

Sauran watan haka ya wuce. Wasu suka zo suka karɓi keris ɗinsu ba a wanke ba, suna cewa wai za a yi taro a gida. Pakde ya miƙa wa kowa nasa bai tambayi dalili ba. Waɗanda suka bari ya wanke su, sai dai ban ƙara jin yana yi wa ƙarfe magana ƙasa-ƙasa kamar da ba. Barci ya ƙaurace masa, ya rame, rogonsa na gangare ya wuce lokacin cira bai ko leƙa ba. Duk Litinin da Alhamis sai ya sa rigar biki ya riga ni fita bakin babur. Ni kuwa duk motar da ta tsaya a ƙasan tudu sai gabana ya faɗi, har yau ban daina ba.

An kira Pak Wagiyo shi ma. Mun haɗu da shi a ƙofar ofis, ya sunkuyar da kai ya wuce. A ciki dai ya faɗi gaskiya, cewa ta kakansa ce, a toshe ya kawo ta, kuma wanka ya nema.

Alhamis ɗin da ta wuce, Pak Yatno bai miƙo biron sa hannu kamar yadda ya saba ba. Ya ce mu zauna. Ya ce amsa ta zo. An duba cewa Pakde da ƙafarsa ya kawo ta, an duba shekarunsa, an kuma duba cewa bai ɓoye zancen magagari ba, alhali duk wanda ya san ƙarfe zai gane an goge. Ba za a kai kotu ba. Bindigar kuwa ba za ta dawo ba, za a haɗa ta da wasu a yayyanka.

Pakde ya runtse ido da ya ji kalmar yankawa.

"Mbah, ko bindigar roba aka kawo maka, ka ce ka yi tafiya."

"Na ji, Pak."

Muka fito rana ta take. Ya tsaya a gefen babur yana riƙe da hularsa.

"Le, an gama ke nan?"

"An gama, Pakde."

"Litinin fa?"

"Babu Litinin."

Ya yi ɗan tunani. "To Litinin sai mu cire rogon gangare. Ya zama itace yanzu, Budenka za ta yi ta surutu."

Ya hau. Ba mu kai gadar rafi ba na ji kansa ya sauka a kafaɗata, nauyinsa ya kwanto a bayana. Na rage gudu, na kai hannun hagu baya na riƙe rigarsa, na riƙa kauce wa ramuka ɗaya bayan ɗaya. Bai farka ba har muka hau tudu.